Kafin A Sayar Da Corolla A Sayi Charger: Lissafin Ɗan Kasuwar Potiskum

Duk wanda ya san Potiskum ya san gari ne na mota. Tireloli da ke lodin shanu a kara ranar Laraba zuwa kudancin ƙasar nan, da waɗanda ke jigilar hatsi, su ne ƙashin bayan arzikin garin. Saboda haka ba mutanen Potiskum za a koya wa lissafin mai da taya ba. Abin mamaki shi ne, mutumin da ba zai yarda direbansa ya ɓatar da lita goma ta gas ba tare da bayani ba, shi ne kuma idan aka zo kan motar hawansa sai ya ajiye alƙalami, ya bar zuciya ta yi masa ciniki.

Maganar ta taso ne daga wani matashin ɗan kasuwar hatsi da ya nemi shawarata. Kaka ta yi masa kyau, yana so ya rabu da Toyota Corolla ɗinsa ya sayi Dodge Charger irin wadda ya gani a Abuja, wato ɗaya daga cikin motocin nan na Amurka masu ƙaton inji mai silinda takwas, 'yan uwan Ford Mustang da Chevrolet Camaro. Amsata ita ce kada ya yi, kuma dalilaina ba na ɗabi'a ba ne, na kasuwa ne.

Mu fara da mai. Injin Corolla mai lita 1.8 yakan sha kimanin lita 7 zuwa 8 a tafiyar kilomita 100. Injin Charger mai lita 5.7 kuwa, a hannun mai son jin rurinsa, yakan kusanci ninkin wannan, a cikin gari ma ya zarce. Daga Potiskum zuwa Kano ta Azare kusan kilomita 300 ne. Zuwa da dawowa, ƙaramar mota za ta sha wajen lita 45, babbar kuma ta doshi lita 85. Idan muka ƙaddara lita a kan N1,000 domin sauƙin lissafi, bambancin tafiya ɗaya N40,000 ke nan. Wanda ke zuwa Dawanau sau biyu a wata ya ƙone kusan naira miliyan ɗaya a shekara a kan wannan hanya kaɗai, ban da Damaturu, ban da zirga-zirgar cikin gari. Buhu nawa na gero wannan kuɗi zai saya a lokacin kaka, a ajiye har bazara?

A da, ana iya kau da kai daga irin wannan lissafi. A ƙarshen 1994 litar fetur N11 ce, kuma har farkon 2023 gwamnati na biyan wani kaso na kowace lita da mai babbar mota ya zuba. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, farashi ya tashi daga ƙasa da N200 zuwa sama da N500 cikin kwanaki, a 2024 kuma ya haura N1,000 a wurare da dama. Ma'ana, ƙishirwar injinka yanzu daga aljihunka kaɗai take sha.

Su kansu masu ƙera motocin sun taɓa shan wannan darasi. An fito da Mustang a 1964, lokacin da fetur ke da arha a Amurka. Da ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Amurka mai a watan Oktoba na 1973, farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu, kasuwar manyan injuna ta karye, Amurkawa suka koma neman ƙananan motocin Japan. Mustang ɗin da aka fitar a 1974 ma ba ta zo da inji mai silinda takwas ba a can. Kamfanin Dodge kuma ya daina ƙera Challenger a watan Disamba na 2023.

To, amma fa mai ba shi ne babbar matsalar ba a ganina. Babbar matsalar ita ce ranar da motar ta tsaya. Corolla ko Golf ta lalace a Potiskum da safe, kafin la'asar bakanike ya samo kayan gyara, sabo ko na Beljiyam, ya tashe ta. Haka Peugeot 504 ta riƙe Arewa shekara da shekaru bayan an fara haɗa ta a Kaduna a 1975: ba don ta fi kowace mota kyau ba, sai don kowane gareji ya san cikinta. Charger kuwa, idan na'urarta ta rikice ko giyarta ta samu matsala, sai an nemi mai gyara daga Kano ko Abuja, kayan kuma wani lokaci sai an yi oda daga waje da dala. Dalar da take wajen N460 a farashin gwamnati a tsakiyar 2023 ta wuce N1,500 a farkon 2024. Motar da ta yi mako uku a gareji tana jiran ƙarfe ɗaya, mai ita haya zai shiga, ga kuɗinsa kuma a kwance.

Sannan a duba inda za a bi da ita. An ƙera waɗannan motoci ƙasa-ƙasa, da faffaɗan tayoyi marasa kauri, domin shimfiɗaɗɗen titi. Ɗan kasuwar hatsi kuwa dole ya sauka daga kwalta ya shiga kasuwannin ƙauye irin na yankin Fika da Nangere, cikin yashi da rani, cikin taɓo da damina. Ko a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, tsakanin shingayen bincike da tudun rage gudu da tireloli, ina filin da zai saki ƙarfin doki ɗari uku da wani abu? Ya biya kuɗin gudun da ba zai yi ba.

Akwai hujja guda da ya kawo wadda ban raina ba. Ya ce mota mutunci ce, kuma mutunci jari ne: wanda ya sauko daga babbar mota an fi saurin ba shi kaya bashi. Wannan gaskiya ne a wasu ofisoshi na Abuja. Amma a kara da kasuwar hatsi ta Potiskum, dillali ba ya duban abin da ka hau. Yana tuna ko ka cika alkawarin makon jiya. Hasali ma, dattawan kasuwa sukan ƙara taka-tsantsan da yaron da ya canza mota bayan kaka ɗaya. Ga kuma batun tsaro: mutanen da suka ga abin da ya faru a kasuwar shanu a watan Mayu na 2012 da shekarun da suka biyo baya ba su buƙatar a gaya musu amfanin rashin ficewa a cikin jama'a.

Idan Corolla ta yi masa kaɗan da gaske, akwai mafita da ke biyan kanta: Sienna domin iyali, ko Hilux da za ta ɗauki buhuna ta shiga ƙauye. Kowacce daga cikinsu, ranar da kasuwa ta juya ya buƙaci kuɗi a hannu, zai samu mai saye a Potiskum kafin mako ya zagayo. Charger kuwa sai ya kai ta wurin dilolin Kano ko Abuja, ya jira wani mai irin sha'awarsa ya zo, ya kuma karɓi abin da aka taya.