Gonar Matar Aure Tata Ce

'Yan'uwa, a Dudunni da ƙauyukan Kankia da Kusada, mace kan sayar da awakinta ta sayi gona, amma a rubuta takarda da sunan maigida. Ran da ya rasu, sai dangi su sa gonar cikin gado.

Aure ba ya hana mace ƙulla ciniki da sunanta. Sashe na 43 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon mallakar gida ko gona. A 2014 kuma Kotun Ƙoli ta yi watsi da al'adar Awka ta raba gwauruwa da gidan mijinta.

Muna roƙon dattawan ikkilisiya: in an kira ku shaida, ku tabbata an rubuta sunan wadda ta biya, ta kuma sa hannu da kanta.