Duniyar Majigi: Rock Hudson da Iyakar Rufin Asiri

Ran 2 ga watan Oktoba na 1985 ne Rock Hudson, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan majigi na ƙasar Amurka, ya rasu a gidansa, saura 'yan makonni kaɗan ya cika shekara 60 da haihuwa. Cutar ƙanjamau ce ta yi ajalinsa, kuma shi ne shahararren mutum na farko da duniya ta ji cewa wannan ciwo ya kashe. Labarinsa na da abin lura ga mutanenmu, domin kuwa ya nuna inda rufin asiri ke da amfani da kuma inda yake zama cutarwa.

Sunansa na yanka Roy Scherer, an haife shi a 1925 a jihar Illinois. Ya yi aikin sojan ruwa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga nan ya koma tuƙin babbar mota. Wani dillalin 'yan wasa mai suna Henry Willson ya ga dogon saurayi kyakkyawa, ya raɗa masa sabon suna, ya shigar da shi Hollywood. Sunansa ya fito a 1954 da fim ɗin Magnificent Obsession. A 1956 ya fito tare da Elizabeth Taylor cikin Giant, a 1957 kuma tare da Sidney Poitier cikin Something of Value, wanda ya shafi yaƙin Mau Mau na ƙasar Kenya. Wasannin ban dariya da ya yi da Doris Day, musamman Pillow Talk na 1959, su suka sa 'yan kallo suka ɗauke shi abin misali na mijin da kowace mace ke so.

Alhali kuwa a rayuwarsa ta gida Hudson maza 'yan'uwansa yake nema. A wancan zamani dokar jihar Kalifoniya ta haramta wannan, kuma fitowar maganar za ta iya kashe masa sana'a a rana ɗaya. A 1955, da wata mujallar tonon silili mai suna Confidential ta fara bin sawunsa, sai Willson ya toshe mata baki da asirin waɗansu 'yan wasansa. A shekarar ce kuma Hudson ya auri Phyllis Gates, sakatariyar Willson ɗin, auren ya mutu a 1958. Haka ya zauna shekara 30 yana taka-tsantsan da kowace kalma tasa.

Asiri na biyu ya zo a watan Yuni na 1984, sa'ad da likitoci suka shaida masa yana ɗauke da cutar. Ya yi shiru, ya ci gaba da aiki, jiki kuwa yana ta ramewa. A watan Yuli na 1985 ya tafi Faransa neman magani, ya yanke jiki ya faɗi a masaukinsa a birnin Faris. Ran 25 ga watan aka sanar wa duniya gaskiyar abin da ke damunsa.

Abin da ya biyo baya ya ba kowa mamaki. Kafin wannan rana yawancin Amurkawa na ganin ciwon na waɗansu ne can daban, ba ruwansu. Da suka ji ya kama mutumin da suka daɗe suna ƙauna, sai hankali ya komo. Shugaba Ronald Reagan, wanda abokinsa ne tun zamanin wasan majigi, bai taɓa yin maganar cutar a bainar jama'a ba sai a watan Satumba na 1985. A watan ne kuma aka kafa gidauniyar binciken cutar mai suna amfAR, Elizabeth Taylor na cikin jagororinta, Hudson ya ba da dala 250,000. Ashe alherin da ya fi girma a rayuwarsa ya zo ne a ranar da ya daina ɓoyewa.

Amma shirun nan bai wuce haka kawai ba. Bayan rasuwarsa abokin zamansa, Marc Christian, ya kai ƙara cewa Hudson ya san yana da ciwon, ya ɓoye masa, suka ci gaba da tarayya. A 1989 kotu ta ba shi gaskiya, ko da yake gwaji ya nuna bai kamu ba, aka tsayar da diyyar a kan dala miliyan 5 da rabi.

To, a nan ne maganar ta shafe mu. Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma babu addu'ar da muka fi yi kamar ta rufin asiri. Bin diddigin mutane don a kunyata su, irin na mujallar nan, mugun hali ne. Amma asirin da zai kai wani kabari ya wuce na mutum ɗaya. A Nijeriya an ga misalin masu wannan fahimta: da Fela Anikulapo-Kuti ya rasu a watan Agusta na 1997, wansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon Ministan Lafiya, shi ya fito ya faɗi cewa ƙanjamau ce, don jama'a su farka.

A garuruwa irin su Dapchi da Gashuwa da Nguru, inda kowa ya san gidan kowa, ɗaukar wannan mataki ba ƙaramin abu ba ne. Magidanci zai gwammace ya yi doguwar tafiya karɓo magani da a gan shi a layin asibitin garinsu, wani kuma ya ƙi zuwa gwajin ɗungum, har ya ƙara aure da abinsa. Tsoron tsangwama ke kawo haka, kuma masu nuna yatsa da masu kiran ciwon "kabari kusa" suna da nasu kason alhakin.

Zamanin Hudson babu magani, amma tun 1996 aka samu haɗin magunguna masu danne ƙwayar cutar. Mai shan su a kan ƙa'ida zai iya yin tsawon rai, in ƙwayar ta kwanta ba zai sa wa matarsa ba, mai juna biyu kuma za ta iya kare jaririnta. Binciken ƙasa na 2018 ya kimanta masu ɗauke da cutar a Nijeriya sun kai miliyan 1.9, mafi yawansu ta hanyar tarayyar namiji da mace suka same ta, waɗansu kuma tun daga haihuwa. Dokar tarayya ta 2014 ta hana a nuna musu bambanci a wurin aiki ko makaranta ko asibiti.

Saboda haka ya kamata masu shirin aure su je gwaji kafin a shafa fatiha, wanda ya san halin da yake ciki ya gaya wa iyalinsa, malaman asibiti su riƙe amana, maƙwabta kuma su kama bakinsu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.