Kafin mu sayar da ƙasarmu da arha, mu san abin da ke cikinta

Duk wanda ya bi hanyar Kazaure zuwa Roni ya ga duwatsu da yumɓu. Sai dai ingancin yumɓu yana ɓoye ne a ƙwayoyin da ake aunawa da nanomita. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai nanomita kusan 80,000.

Madubin ilektron, wanda aka fara ƙerawa a Jamus a 1931, shi ke ganin waɗannan ƙwayoyi. Ana karkata samfur ana ɗaukar hotuna, sai kwamfuta ta haɗa siffarsa: tsawo, faɗi da kauri. Da aikin kan ci kusan awa guda, amma masana a Jami'ar Antwerp ta Beljiyam sun rage shi zuwa 'yan mintuna.

Ke nan na'ura ɗaya za ta iya yi wa makarantu da yawa aiki. A ganina, TETFund ta kafa cibiya ɗaya a Arewa maso Yamma mai tsayayyiyar wutar lantarki, Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure kuma ta horar da masu shirya samfur.

Wanda bai san kayansa ba, mai saye ne zai yanka masa farashi.