Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Maƙeran Bindigar Farauta



Ina rubuto wannan wasiƙa gare ku baki ɗaya: masu manyan masana'antu da injina ke yi wa aiki dare da rana, da iyayenmu maƙera da ke zaune gaban zuga-zugi suna haɗa adaka ɗaya bayan ɗaya, da masu gyara da ake kawo wa bindiga idan ta yi gardama. Maganata guda ce. Ranar da mafarauci ya dawo muku da bindiga ya ce ta tashi da kanta, ko ta ƙi tashi lokacin da nama ke gabansa, ku ɗauki maganarsa da nauyin da kuke ɗaukar awon da kuka yi da hannunku. Ku kun gwada ta sau ɗaya a wuri mai tsabta. Shi kuwa yana gwada ta cikin ƙurar hunturu da raɓar asuba da gumin tafin hannu, shekara da shekaru, kuma ko kwabo ba ku biya shi ba.

Zan ba ku labarin Remington. Ba shi kaɗai ya taɓa tuntuɓe a wannan sana'a ba, amma takardunsa na cikin gida sun fito fili a kotunan Amurka, kowa ya ga yadda aka yanke shawara a bayan ƙofa. Kamfani ne da aka kafa a 1816, ya yi zamansa a garin Ilion na jihar Niyok, ya kuma yi suna wajen bindigar farauta. A 1948 ya fito da wata sabuwar kunama da injiniyansa Mike Walker ya tsara, ita ce kuma aka sa wa samfurin 700 da ya shiga kasuwa a 1962, aka sayar da miliyoyinsa. Mafarauta sun so ta ƙwarai, domin janta da laushi, ba ta girgiza saiti.

Sirrin laushin wani ɗan siririn ƙarfe ne da ke zaune tsakanin kunama da maƙalin da ke riƙe da harbi. Ba a manne shi da kunamar ba, ɗan sifirin ne kawai ke danne shi a mazauninsa. Masanan da suka ba da shaida a kotu sun bayyana cewa idan datti ko busasshen mai ko tsatsa suka shiga tsakani, ɗan ƙarfen yana iya ƙin komawa wurinsa. A wannan hali makullin kariya ne kaɗai ke tare harbi. Da an zare shi, bindiga ta tashi, ba yatsan da ya taɓa kunama. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, waɗanda aka ƙera kafin 1982 ba a iya buɗe su a cire harsashi sai an zare makullin tukuna. Wato mutumin da ke ƙoƙarin yin abin da ya dace, ya sauke harsashi kafin ya shiga mota ko gida, shi ne ya fi kusa da haɗarin.

Walker da kansa ya hango wannan. Tun a 1948 ya ba da shawarar a ƙara wani abu da zai tokare kunama muddin makulli na kulle. Aka yi lissafi, aka ga gyaran zai ƙara senti 5.5 a kan kowace bindiga, sai aka ajiye shawarar. Na daɗe ina tunanin wannan lissafi. Waɗanda suka yi shi ba mugaye ba ne da suka zauna da nufin kashe mutane. 'Yan kasuwa ne da suka ga kaya na tafiya, suka ga haɗarin kamar mai nisa, suka ce a bari sai an gani. Haka ake faɗawa irin wannan rami a kowace maƙera, babba ko ƙarama.

To, an gani. Ƙorafe-ƙorafe suka yi ta shigowa, dubbai cikin shekaru, mutanen da ba su san juna ba suna faɗin abu iri ɗaya. Amsar da da yawa suka samu ita ce an gwada bindigar ba a ga ta yi abin da suka ce ba, ko kuma laifin mai ita ne da bai tsabtace ta ba, ko ya taɓa sukurorin kunama. Gaskiya ne akwai masu wasa da sukurori, akwai kuma masu jingine bindiga shekara guda ba goge ba mai. Kamfanin ya tsaya a kan cewa kayansa lafiya lau suke, kuma bai taɓa amsa cewa tsarin kunamar na da aibu ba. Amma ku da kuke sana'ar kun san aibin da ke zuwa jefi-jefi ba ya bayyana don an ja kunama sau goma a kan tebur. Rashin ganinsa a rana ɗaya ba hujja ba ce ta ƙaryata mai kaya.

A 1994 wata kotu a jihar Teksas ta yanke wa kamfanin biyan dala miliyan 17 ga wani mutum da ya rasa ƙafarsa. A watan Oktoban 2000, a jihar Montana, wata uwa ta zare makulli don ta sauke harsashi bayan farauta. Bindigar ta tashi, harsashi ya huda tirelar dawakai ya sami ɗanta mai shekara tara da ke ɗaya gefen, ya rasu. Mahaifin yaron ya shafe shekaru yana tattara takardun kamfanin. Za a ce ai ƙa'idar farko ita ce kada bakin bindiga ya fuskanci inda ba ka tabbatar ba kowa, kuma haka ne, kowane mafarauci ya riƙe wannan. Sai dai maƙeri yana ƙera wa ɗan Adam ne mai gajiya da mantuwa, shi ya sa aka ƙirƙiro makulli tun farko. Makullin da zare shi ke zama harbi ya ci amanar wanda ya dogara da shi.

Sabuwar kunamar da aka kawo a 2006, mai suna X-Mark Pro, ita ma sai da aka nemi a dawo da ita a 2014, saboda gam ɗin da ake ɗigawa wajen haɗa ta ya yi yawa a wasu bindigogin. Kun ga, wancan aibin zane ne, wannan kuma aibin hannu ne da mai dubawa ya kamata ya kama. A 2017 wani alƙali a jihar Misuri ya amince da sulhun da ya shafi bindigogi kimanin miliyan 7.5, aka ce a kawo a canza kunama kyauta. A lokacin, waɗanda suka nemi gyaran kimanin 22,000 ne kawai. Sauran sun watsu, an sayar, an gada, an ba da kyauta, masu su na yanzu ba su ma ji labari ba. Kamfanin ya shiga kotun fatara a 2018, ya sake shiga a 2020, aka sayar da shi gunduwa-gunduwa, masana'antar Ilion kuma aka rufe ta a 2024. Bashi da faɗuwar ciniki suna da babban kaso a wannan ƙarshe, ba kunama kaɗai ba. Amma sunan da aka gina cikin shekara ɗari biyu ya riga ya sami tabo kafin nan.

Wani abin lura: a Amurka hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi tana iya tilasta janye abin wasan yara ko tukunyar lantarki daga kasuwa, amma doka ta hana ta taɓa bindiga. Imanin maƙeri da tsoron kotu su ne kawai shinge. A Ingila ba haka ba ne. Tun 1813 majalisa ta kafa gidan gwajin bindiga a Bamingham, bayan na Landan da ya girme shi, kuma laifi ne a sayar da bindigar da ba ta ɗauke da hatimin gwaji. Bamingham ta san dalili, domin daga can ne aka yi ta lodin bindigogi masu arha zuwa gaɓar Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi, da yawansu kuma suna fashewa a hannun masu harbi. A 1914 aka kafa hukumar C.I.P. a Liyej ta Beljiyam don ƙasashe su daidaita ƙa'idar gwajin: ana harba bindiga da harsashin da ƙarfinsa ya zarce na yau da kullum da kashi 25 cikin 100, a sake auna ta, sannan a buga hatimi. Tsari ne mai kyau, ina ma a ce ko'ina haka ake yi. Duk da haka, gwajin yana tabbatar da ƙarfin bututu ne a ranar. Abin da kunama za ta yi bayan damina goma, mai bindiga kaɗai zai iya ba ku labarinsa.

Ga shawarata gare ku masu masana'antu: ku riƙe tsofaffin ma'aikatanku. Bayan da Remington ya sayi kamfanin bindiga na Marlin a ƙarshen 2007, ya rufe masana'antar Marlin ta North Haven ya kwashe injinan, amma yawancin mutanen da suka san halin kowane inji ba su bi kayan ba. Bindigogin da suka biyo baya sun sha suka: katako bai zauna daidai ba, ƙarfe da kaushi, wani lokacin ma'aunin saiti a karkace. Da kamfanin Ruger ya sayi Marlin a 2020 kan kusan dala miliyan 30, bai yi gaggawa ba, sai da ya haura shekara yana sake awo da zane kafin ya fitar da ta farko a ƙarshen 2021, mafarauta kuma suka karɓe ta hannu bibbiyu.

Ku riƙe littafi. A 2004 bututun wasu bindigogin kamfanin Sako na ƙasar Finlan suka fashe saboda wani rukunin ƙarfe mara kyau, kamfanin ya bi lambobin da ke jikinsu ya nemi a dawo da su. Wanda bai rubuta wane ƙarfe ya shiga wace bindiga ba, da wanda ya saya, ba shi da hanyar bin sawun kuskurensa ko da ya so.

Wanda kuka ɗora a kan karɓar ƙorafi ya zama mai sanin aikin, ba mai daɗin baki da aikinsa ya sanyaya zuciyar kwastoma ya sallame shi ba. Ya tambaya da kyau: yaushe abin ya faru, wane harsashi, a wane yanayi, hannu yana ina. Ya rubuta, ko da yana ganin mai kayan ne da laifi, domin ƙorafi na uku iri ɗaya ba ya bayyana sai an ajiye na farko da na biyu. Abin da ya rubuta ya isa kunnen mai zane da mai dubawa a makon, kada ya tsaya a wurin lauya. Idan an karɓi bindiga don gyara, a faɗi ranar da za a mayar, a kuma cika alkawari, domin mafarauci da lokaci yake aiki, in kaka ta wuce an ci shi. Idan aibin naku ne, ku faɗa da bakinku, ku ɗauki kuɗin kai da kawowa. Mutum yakan yafe kayan da suka lalace, amma da wuya ya yafe wa wanda ya mai da shi maƙaryaci.

Yanzu gare ku, iyayena maƙeran gida. Ranku ya daɗe, na san ba ku da injin awo, ba ku da gidan gwaji, amma kuna da abin da manyan kamfanoni ke kashe kuɗi suna nema: kun san mai sayen kayanku da suna, kuna haɗuwa da shi a kasuwa da masallaci. Kowa a karkara ya san mafaraucin da bindigar toka ta ɗauke wa yatsu ko ido. Bututun famfo an yi shi ne don ruwa, yana da ɗinki a jikinsa, ba a yi shi don ya ɗauki ƙarfin albarushi ba, duk arharsa ku bar shi. Kada bindiga ta bar hannunku ba a gwada ta ba, a ɗaure, daga nesa, inda ba kowa. Ku buga alamarku a jikinta yadda za a san mai ita in ta yi kyau, a san wanda za a nema in ta yi ɓarna. Ku gaya wa mai saya iyakar cikin da za ta ɗauka, ku kuma ja masa kunne kada ya farke harsashin zamani ya ɗura garinsa a adaka, domin ƙarfin ba ɗaya ba ne, fashewa take yi. Idan kun gano aibu a wasu da kuka riga kuka sayar, ku je wurin Sarkin Baka a sanar da mafarauta kafin a fita dawa. Kunyar yini ɗaya ce.

Akwai kuma abin da halin da muke ciki ya sa dole in faɗa. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana ƙera bindiga ba da izini ba. Ku nemi izini, ku san wanda kuke sayar wa, ku ƙi kuɗin baƙon da ba wanda ya tsaya masa. Bindigar da aka ƙera don gada da zomo ta sha komawa kan manomi a gonarsa.

Ina roƙon Sarakunan Maƙera da Sarakunan Baka su zauna tare kafin farautar bana, su amince cewa duk bindigar da ta fashe ko ta tashi da kanta za a kawo ta gaban maƙera a buɗe, a duba, a rubuta abin da aka gani. Ku kuma masu masana'antu, ku buɗe akwatin ƙorafinku na shekara biyar da suka wuce, ku ware waɗanda suka yi kama da juna, ku kira masu su.

Allah ya yi wa sana'a albarka, ya tsare hannuwanku da na masu sayen kayanku.