Ra'ayinmu: Kafin a sayi tauraron ɗan'adam, a tambayi injinsa

Duk lokacin da aka harba tauraron ɗan'adam, hoton da ake nuna wa duniya shi ne na roka mai aman wuta da hayaƙi. Aikin rokar ɗan gajere ne. Da zarar ta saki tauraron, sauran shekarun rayuwarsa sun rataya a wuyan wani ɗan inji da ba a cika ambata ba. Shi ke kai tauraron gurbinsa, shi ke tsayar da shi a can, shi ke kautar da shi idan tarkace ya nufo shi, kuma shi ke fitar da shi daga hanya idan aikinsa ya ƙare. A yau yawancin sababbin taurari suna ɗauke da irin wannan inji mai aiki da lantarki, kuma ƙananan kamfanoni suna cikin masu ƙera shi.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Farantan tauraron suna tara hasken rana su mai da shi lantarki. Da lantarkin ake caza ƙwayoyin wata iska, a fesar da su ta baya da gudun kilomita 20 zuwa 40 a daƙiƙa guda, alhali abin da injin ƙona mai ke fesarwa bai wuce kilomita 4 da rabi ba. Turawar ba ta da ƙarfi: ta wani babban injin daidai take da nauyin takarda ɗaya ko biyu a tafin hannu. Amma injin yana iya yin watanni yana aiki da makamashi kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa. Da irin wannan inji kumbon Dawn na Amurka, wanda aka harba a 2007, ya zagaya Vesta sannan ya wuce Ceres.

Dabarar ta daɗe. Amurka ta gwada ta a sararin samaniya tun 1964, Tarayyar Sobiyet ta fara amfani da nata samfurin a farkon shekarun 1970. Shekaru da dama sana'ar tana hannun hukumomin gwamnati da manyan kamfanoni ƴan ƙalilan. Abin da ya canja shi ne zuwan ƙananan taurari, waɗansu ba su fi kwalin takalmi girma ba, waɗanda tsofaffin injuna suka yi wa nauyi da tsada.

Nan ne ƙananan kamfanonin suka sami ƙofa. A Ostiriya, Enpulsion da aka kafa a 2016 yana amfani da ƙarfen indiyom, wanda ake narkarwa a cikin injin. A Faransa, ThrustMe da Ane Aanesland da Dmytro Rafalskyi suka kafa a 2017 ya koma ga aidin, sinadarin nan da ake zuba wa gishiri domin rigakafin maƙoƙo. Dalilinsu a fili yake. Iskar zenon da aka saba amfani da ita ba ta da yawa a duniya, tana da tsada, kuma sai an matse ta cikin tulu mai ƙarfi. Aidin kuwa a daskare ake ɗora shi, ɗumi kaɗan ke mai da shi tururi. A watan Nuwamban 2020 aka harba injinsu a kan wani tauraron kamfanin Spacety na ƙasar Sin, ya yi aiki, mujallar Nature ta buga sakamakon a 2021. Indiya ma tana da Bellatrix Aerospace a birnin Bengaluru.

Amfanin yawaitar masu ƙera injin ya bayyana a 2022. Taurarin intanet na kamfanin OneWeb suna tashi ne da injunan masana'antar Fakel ta Kaliningrad a Rasha. Da yaƙin Yukren ya ɓarke, wannan hanya ta toshe, aka koma ga Busek, wani kamfani na jihar Massachusetts da ya daɗe yana wannan sana'a ba tare da hayaniya ba. Wanda duk ya dogara da mai sayarwa guda, rikicin da bai shafe shi ba yana iya tsayar masa da aiki.

Ba mu cewa waɗannan kamfanoni ba su da rauni. Ƙaramin kamfani yana iya karyewa, ko wani babba ya haɗiye shi, kamar yadda Astra ya saye Apollo Fusion a 2021. Tauraron sadarwa ana gina shi ne domin ya yi shekara 15, kuma injin da aka gwada shekara biyu ko uku bai isa ya zama shaida ba tukuna. Aidin yana cin ƙarfe. Raunin turawar ma yana da farashi: tauraron da ya dogara da lantarki kaɗai yana shafe watanni kafin ya kai gurbinsa mai nisan kilomita 36,000, kuma a tsawon lokacin ba ya kawo wa mai shi ko dala.

Duk da haka, barin tauraro ba inji ya fi haɗari. A ranar 10 ga Fabrairun 2009, tauraron Iridium 33 ya yi karo da wani mataccen tauraron Rasha, Kosmos 2251, suka tarwatse zuwa gutsattsari kusan 2,000 da ake iya bin sawunsu. A 2022 hukumar sadarwa ta Amurka ta kafa dokar cewa duk tauraron da ke kusa da ƙasa a sauko da shi cikin shekara 5 bayan ƙarewar aikinsa. Inji mai araha shi ne abin da zai sa ƙananan masu taurari su iya bin irin wannan doka.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. A watan Satumban 2024 ƙasashen AES suka ƙulla yarjejeniyar taurari da kamfanin Glavkosmos na Rasha a Bamako, a watan Nuwamba kuma Nijar ta sa hannu a kan samar da taurari uku: na sadarwa, na ɗaukar hoton ƙasa, da na radar. Buƙatar gaskiya ce ga ƙasa mai faɗin sama da murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 200, mai dogayen iyakoki da manoma masu jiran labarin damina. Sai dai maƙwabciyarmu Najeriya ta riga ta ɗanɗana yadda abin ke ɓaci: NigComSat-1 da aka harba a 2007 ya mutu a 2008 saboda matsalar farantan hasken rana, sai a ƙarshen 2011 aka harba madadinsa. A tauraro mai injin lantarki, irin wannan matsala tana kashe wuta da tuƙi gaba ɗaya.

Saboda haka muna kira ga hukumomin da ke riƙe da wannan aiki su sa waɗannan tambayoyi a gaba. Wane inji za a ɗora, wa ya ƙera shi, sa'o'i nawa ya yi yana aiki a sama? Makamashin shekara nawa zai ɗauka? Wa zai riƙa ba injin umurni, daga wace tasha, a wace ƙasa? Idan ya lalace, wa zai biya? Wanda ke iya kunna injin tauraro shi ne mai iko da shi, ko da tutar wata ƙasa ce a jikinsa.

Muna kuma ganin horar da ƴan ƙasa ya zama sharaɗi a rubuce. ThrustMe daga ɗakin binciken jami'a ya fito, Enpulsion ma daga cibiyar bincike. Ɗaliban kimiyya na jami'ar Abdou Moumouni da na Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi ba za su ƙera injin gobe ba, amma suna iya koyon karanta bayanansa, lissafin makamashinsa, da gane lokacin da ya fara gajiya. A tura su su zauna tare da masu ƙera taurarin tun ranar da aka fara aikin.