Masu koya wa yara waƙa a majami'u sun cancanci tallafi

A ƙananan majami'un Bukkuyum, Anka da Gummi, malamin da ke koya wa yara waƙa a makarantar Lahadi bai yi suna kamar Panam Percy Paul ko Solomon Lange ba. Jarinsa ganga, tafi da Littafin Waƙoƙi.

Amma aikinsa babba ne. Yankin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, shi ne yau 'yan bindiga suka hana barci. Yaron da tsoro ya rufe wa baki, sau da yawa waƙa ce ke buɗe masa shi.

Ya kamata ECWA da CAN su horas da waɗannan malamai, su ba su kayan kiɗa da alawus. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.