Kiwon Macijin Masara Alkawari Ne Na Shekara Ashirin

Bahaushe ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Saboda haka na san 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu za su yi mamaki in sun ji cewa a Amurka da Ingila akwai yara sa'o'inmu da ke kiwon maciji a ɗaki, kamar yadda muke kiwon tantabara ko zomo. Wanda aka fi ba mai fara koyo shi ne macijin masara. Ra'ayina shi ne zaɓin ya yi daidai, amma fa bai kamata a sayar wa kowa shi ba sai wanda ya san nauyin da zai ɗauka.

Asalin wannan maciji kudu maso gabashin Amurka ne, wajen jihohin Fulorida da Jojiya da Karolina. An ce ya samo sunansa ne domin akan same shi kusa da rumbunan masara yana farautar ɓeraye, wasu kuma suka ce don zanen cikinsa ya yi kama da ƙwayar masara. Ba shi da dafi. Nannaɗe ɓera yake yi ya matse shi, sa'an nan ya haɗiye. In ya girma tsawonsa yakan kai mita 1.2 zuwa 1.5, kuma yana da sanyin hali.

Na zauna shekara 2 a gidan kawuna a Ingila, inda ni da ɗansa muka yi kiwon guda ɗaya, wanda har yanzu yana hannunsa. Kawu bai yarda an saya ba sai da muka amsa masa tambaya ɗaya: wa zai riƙe shi in kun girma kun bar gida? Macijin masara yakan yi shekara 15 zuwa 20 a hannun mai kiwo. Watau yaron da ya saye shi yana aji uku zai gama jami'a, ya kama aiki, ya yi aure, maciji na nan yana jiran abincinsa.

Abu na farko shi ne mazauni. Ana sa shi cikin akwati mai ƙofar gilashi, wanda tsawonsa ya kai ya miƙe sosai a ciki, kuma dole ƙofar ta rufu gam, domin ba shi da na biyu wajen silalewa ta 'yar kafa. Jikin maciji ba ya samar wa kansa ɗumi kamar namu, da zafin wurin da yake ya dogara. Don haka akan ɗumama gefe guda ya kai digiri 28 zuwa 30, a bar ɗaya gefen da sanyi, wajen digiri 22, shi kuwa ya riƙa kai da komowa yadda jikinsa ke so. Na'urar ɗumamawa kuma sai an haɗa ta da wadda ke kashe ta in zafi ya yi yawa, in ba haka ba sai ta ƙona shi. A sa masa maɓoya biyu, ɗaya a kowane gefe, da kwanon ruwa mai tsabta.

Na biyu shi ne abinci, kuma a nan ne masu raunin zuciya ke janyewa. Ba ya cin dusa, ba ya cin tuwo, ɓera ne babban abincinsa. Akan sayi matattun ɓeraye daskararru a ajiye a firji, a narkar da ɗaya in lokaci ya yi. Ɗan ƙarami yakan ci kowane kwana 5 zuwa 7, babba kuwa kwana 10 zuwa 14. Ba a ba shi ɓera mai rai, domin yana iya cizonsa ya ji masa rauni. In ya ci, sai a bar shi kwana 2 ba a taɓa shi ba, don kada ya amayar.

Na uku shi ne haƙuri. In zai yi saɓa, idanunsa sukan yi hazo-hazo, ba ya gani sosai, wani lokaci har ya ƙi cin abinci. A ƙyale shi har ya tuɓe. Kuma duk wanda ya taɓa shi lalle ya wanke hannu da sabulu, domin macizai na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi.

Wani zai ce, mene ne na damuwa, in mutum ya gaji ai sai ya sake shi a daji. Wannan shi ne abin da na fi ƙi. A Ingila sanyin hunturu na iya kashe shi, kuma dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai kiwo alhakin biyan bukatun dabbarsa. A wuri mai ɗumi kuwa ɓarnar ta fi haka. Mesar ƙasar Bama, wadda aka shigo da ita Amurka don kiwo, ta yaɗu a dausayin Ebagiles na Fulorida tana cinye ƙananan namun daji, har a 2012 gwamnati ta hana shigo da ita.

Ga 'yan'uwana na gida kuma ina da jan kunne. Kada wani ya karanta wannan ya tafi gona ya kamo maciji ya ce zai gwada. Namu ba irin wancan ba ne. Kububuwa da kasa da gamsheƙa kisa suke yi, shi ya sa ma akwai asibitin masu saran maciji a Kaltungo ta Jihar Gwambe. Ko macijin masarar ne ma, zafin bazararmu da kan wuce digiri 40 ya fi ƙarfinsa, ga kuma ɗaukewar wuta da za ta lalata abincinsa a firji.

A ƙarshe, roƙona ga iyaye shi ne, in yaro ya zo yana son kiwon wata dabba, ko maciji ne a Landan ko zomo a Zariya, a tambaye shi me take ci, shekara nawa take yi, wa zai kula da ita in ya koma makarantar kwana. In ya amsa, a taimake shi. In ya kasa, a ce ya je ya ƙara bincike tukuna, domin rai ne za a damƙa masa. Allah ya sa mu zama masu riƙon amana, amin.